Yadda Muka Cika wa Alhaji Layi

Na manta abubuwa da yawa da suka same ni a London, wasu ma da gangan na manta da su. Amma watannin da na yi ina kamasho a kan layin intanet, waɗannan ba za su fita daga kaina ba har ranar da za a kai ni makwanci.

Ni ba ɗan boko ba ne. Firamare ma ban ƙarasa ba na gudu tasha. A can na yi kamasho, ina kiran fasinja ina cika mota, daga baya na koyi tuƙi. Alhajin da na yi wa aiki shi ma ɗan tasha ne tun asali, da motocin haya ya yi arziki kafin ya koma fitar da riɗi da citta zuwa Turai. Shi ya kawo ni London a shekarun tamanin don in riƙa kai 'ya'yansa makaranta. Takardar zamana a ƙasar a ɗaure take da aikinsa. Ranar da ya ce ba ya yi da ni, ranar zan fara neman jakar da zan zuba kayana.

Yaran suka girma. Suka koyi shiga tube, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, suka fara jin kunyar a gan su da direba, in na yi musu Hausa su amsa min da Turanci. Sai aka mayar da ni ofishin Alhaji da ke Whitechapel, a saman wani shagon yadi. Aikina in buɗe ƙofa, in dafa shayi, in kai takardu gidan waya, in yi parking ɗin motar manaja inda ba za a liƙa mata takardar tara ba. Kowa ya san aikin bai kai a ajiye mutum guda a kansa ba. Ni ma na sani, shi ya sa kullum nake yawo da tsumma a hannu.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in manaja ya dage sai an ja wa ofis layin intanet na kansa, wanda ba ya mutuwa dare da rana. Manajan ƙanin matar Alhaji ne, ya yi karatu a nan, yana sa kwat ko da rani. Aka ja layin. Aka ɗauko wani injiniya ɗan zangon Kumasi da ke zaune a Edmonton, yana zuwa sau biyu a mako. Mutumin kirki ne, ya san aikinsa, Hausarsa ce kawai ba ta san mace ba, komai namiji ne a bakinsa. Shi ya girka wani akwatin ƙarfe mai ƙyafta fitilu a lungun da nake ajiye tsintsiya, ya kuma sa wata kwamfuta ta riƙa zana yadda ake amfani da layin. Zanen kamar tuddai ne masu launin kore. In ana aika saƙo da yawa tudun ya tashi, in an yi shiru ya kwanta. Can sama akwai jan layi, iyakar abin da wayar za ta iya ɗauka ke nan.

Duk masifar daga zanen nan ta fito. Alhaji ya zo daga Kano, manaja ya kai shi gaban allon don ya burge shi. Alhaji ya sunkuya ya duba, ya sa yatsa a kan koren, ya ja shi har zuwa jan layin, ya ce, "Wannan filin da ke tsakani na waye?"

Injiniya ya ce, "Namu ne, Alhaji. Wuri ne da ba mu yi amfani da shi ba."

"Amma ina biya?"

"Kana biya."

Alhaji ya miƙe ya gyara hula. Ya ce shi tun da yake bai taɓa barin motarsa ta bar tasha da fasinja biyu ba, ba kuma zai fara a ƙasar Turawa ba. Injiniya ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce, "Alhaji, wannan ba mota ba ne, hanya ne. Hanya mai kyau shi ne wanda bai cushe ba." Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yaro, ni na kwana a hanyar Legas kafin a haife ka. Kai ne za ka gaya min hanya?"

Nan take ya waiwayo ya gan ni riƙe da tire. Ya ce, "Ga ɗan kamasho muna ta asararsa yana wanke kofi." A tsaye ya naɗa ni. Daga ranar ba a aika saƙo ɗai-ɗai. Kowa ya rubuta nasa ya ajiye, sai lodi ya cika sannan in jona waya su tashi gaba ɗaya. Kuma kullum da safe manaja ya buga zanen a takarda ya aika masa Kano ta faks. Manaja ya ce to, ranka ya daɗe. Bai taɓa ce wa mijin yayarsa wani abu ban da wannan ba.

Haka na samu kujera a lungun tsintsiya, da waya shuɗiya a hannuna. Sakatariyarmu, wata baƙar mace daga Tottenham, takan zo ta tsaya a kaina ta ce tana da saƙon gaggawa. In ce mata saura kaɗan mota ta cika. Ba ta jin Hausa, ni kuma Turancina na direba ne, amma zagi ba ya buƙatar tafinta. Nakan jona wayar bayan azahar, in sake jonawa bayan la'asar. Ina jin daɗin abin a raina, ba zan ɓoye ba. Shekara da shekaru ba wanda ya jira ni sai lokacin.

Sai dai zanen ya ƙara lalacewa. A da akwai 'yan tuddai. Yanzu ya zama shimfiɗaɗɗen fili da 'yan ƙusoshi biyu, kuma ƙusoshin ma ko gwiwar jan layin ba su kai ba. Na tare injiniya na ce na rantse na ga fitilun akwatin suna ƙyaftawa kamar za su fashe lokacin da na jona, ya aka yi abin bai gani ba?

Ya ja kujera ya zauna. Ya ce, "Baba, ka san mita na mota, wanda ke ƙirga nisa?" Na ce na sani. Ya ce to akwatin nan yana da irinsa a ciki, yana ƙirga duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita, lambar gaba kawai take yi. Ita kwamfutar ba ta tsaye tana kallon wayar. Duk bayan minti biyar take leƙawa ta karanta lambar, ta cire wadda ta gani a baya, ta raba abin da ya saura da tsawon lokacin. Sai ta gwada da abin da layin zai iya ɗauka, ta zana. Saƙonninmu duka a 'yan daƙiƙu suke wucewa. In aka watsa su cikin minti biyar, sai su zama kamar cokalin sukari a randa.

Na ce, "Wato ba ta san wa ya wuce ba?"

Ya ce, "Bai sani ba. Nauyi kawai yake ƙirgawa. Wasiƙan sarki da shara duk ɗaya ne a wurinsa."

Bayan 'yan kwanaki Alhaji ya bugo daga Kano, ya ce a ba ni. Ban taɓa amsa wayar ofis ba sai ranar. Bai ko amsa gaisuwata ba ya ce takardun da ake aiko masa fari fat suke, har yaran gida sun fara yin lissafin makaranta a kai. Ya ce, "Na ba ka aikin da ka gada ka kasa. Zan zo bayan Sallah. In ban tarar da layin nan a cike ba, ka haɗa kayanka, jirgi ɗaya za mu hau."

Na ajiye wayar na koma lungu na zauna. Na haura hamsin. Gidan da na fara ginawa a Kano ya tsaya a linta. Abokan tashata rabi sun mutu, rabi sun makance. Mutum ya koma gida daga London da jaka ɗaya, har yaran unguwa sai sun yi masa waƙa.

Da rana muna shan shayi, ni da injiniya da manaja, na yi maganar da ban ɗauke ta komai ba. Na ce da a tasha ne da abin ya yi sauƙi. In mota ta ƙi cika, mukan kira 'yan zaman banza su shiga su zauna kamar matafiya, wani har da ƙullin kaya a cinya. Fasinja ya leƙo ta taga ya ga saura mutum biyu, sai ya shiga. Yana zama ɗaya daga cikin namu ya ce bari ya sayo goro, ya sulale. Haka har motar ta cika da mutanen gaske.

Manaja ya ajiye kofinsa. Ya dubi injiniya ya ce, "Za a iya?"

Injiniya ya ce za a iya, amma wauta ne, kuma shi ba da wannan aka ɗauke shi aiki ba. Manaja ya ce an ɗauke shi ne ya yi abin da aka ce. Injiniya ya dube ni na ɗan lokaci. Ina jin furfurata ce ta sa ya yarda.

Ana buƙatar abu mai nauyi da za a riƙa ɗorawa. Abu mafi nauyi a duk kwamfutocin ofishin shi ne hoton Alhaji da aka ɗauka don kalandar kamfani, yana zaune cikin babbar riga mai aska takwas, hannu ɗaya a kan tarho. Injiniya ya shirya yadda hoton zai riƙa tafiya wata na'ura a can wajen masu layin, ya dawo, ya sake komawa, ba tsayawa. Ya nuna min maɓalli ɗaya na ɗora shi, ɗaya na sauke shi. Aka daina cire waya. Kafin la'asar koren ya tashi ya manne da jan layin kamar an yi wa bango fenti.

Washegari faks ɗin ya isa Kano baƙi ƙirin, don na'urar ba ta san kore ba. Aka ce sai da ta yi ta nishi kafin ta fito da shi. Alhaji ya bugo da kansa ya ce, "Ka gani? Boko daban, sanin aiki daban." Ya sa aka ba ni tsohuwar kwat ɗinsa ta sanyi.

Aikina ya koma irin na tasha sak. In sakatariya za ta aika saƙo ta ɗaga min hannu, in sauke Alhaji, saƙo ya wuce, in mayar da shi. Ɗan gajeren lokaci ne, minti biyar ɗin ya haɗiye shi, zanen ko motsi ba ya yi. Matsalar ita ce saƙon da ke zuwa daga waje. Shi ba ya ɗaga hannu. Yana isowa ya tarar Alhaji ya cika ƙofa. Ƙanana su kutsa su shigo a makare, manya su gaji su koma. Masu sayen kaya suka fara bugowa suna tambaya ko mun rufe ne. Manaja ya riƙa ce musu harka ce ta yi yawa.

Abin da ba mu yi tunani ba shi ne halin mai mota. Mai mota in ya ga motarsa kullum a cike take tashi, ba ya cewa alhamdulillahi ya kwanta. Wata yake ƙarowa. Alhaji ya aiko da umarni a faɗaɗa layin ya ninka. Injiniya ya rubuta masa cewa ba a buƙata. Amsar da ta dawo ita ce mai hassada ba ya son ci gaba. Aka faɗaɗa. Hoto ɗaya ya kasa cikawa, sai da aka ɗora Alhaji huɗu suna kai da kawowa, suna wuce juna a hanya.

Bayan Sallah ya iso, kuma ba shi kaɗai ba. Ya zo da wani dattijon attajiri, babban dillalin citta, wanda Alhaji ya daɗe yana zawarcin ya riƙa fitar da kayansa ta hannunmu. Ashe takardun faks ɗin nan Alhaji yake nuna wa baƙi a falonsa na Kano. Dattijon ya ce shi sai ya gani da idonsa. Aka ajiye musu kujeru biyu a gaban allon, na kawo shayi da dabino. Dattijon ya dubi koren ya ce masha Allah. Alhaji ya ce haka yake ko ranar Lahadi.

Ranar kuma ake jiran takardun yarjejeniya daga wani mai saye a Holland, masu shafi da yawa, kuma Alhaji ya riga ya gaya wa baƙon cewa a gabansa za su iso. Ina lungu ina zufa cikin kwat. In na sauke hotunan har takardun su gama shigowa, koren zai faɗi a gaban idonsu. In ban sauke ba, ba za su shigo ba. Na gwada saukewa kaɗan-kaɗan, bai isa ba. Baturen Holland ɗin ya bugo ya ce ya aiko. Ya sake bugowa ya ce abin ya dawo masa. Manaja ya riƙa shafa wuyan rigarsa.

Sai na ga Alhaji ya daina kallon allon ya fara kallon ɗakin. Sakatariya tana gyaran farce. Manaja a tsaye, hannu a aljihu. Injiniya yana duba silin. Ba mai taɓa kwamfuta ko ɗaya, ga layi kuma a cike maƙil. Alhaji bai san intanet ba, amma ya san motar da ta cika alhali ba wanda ya sayi tikiti.

Ya yi murmushi ya ce wa baƙon lokacin salla ya yi, ga masallaci nan kusa, manaja zai raka shi, daga nan su biya gidan abincin Bangalawa su ci shinkafa. Shi zai biyo su. Sai da ƙarar takalmansu ta ɓace a matakala sannan ya juyo.

"Kai, zo nan. Su wa ka zaunar min a mota?"

Na ce, "Kai ne, ranka ya daɗe."

"Ban ce ka yi min wasa ba."

Injiniya ya matso ya buɗe hoton. Ya fito a hankali daga sama, hula tukuna, sai goshi, sai aska takwas. Ya ce, "Guda huɗu ne, Alhaji. Tun kafin azumi kake tafiya."

Alhaji ya daɗe yana kallon kansa. Ni ina jiran ashar. Abin da ya fara cewa shi ne, "Duk hotunana ku rasa wanda za ku ɗauka sai wanda hular ta karkace." Sannan ya ce, "Sauke ni."

Na danna. Baturen ya sake aikowa, takardun Holland suka shigo kafin Alhaji ya gama kurɓar shayinsa. Bayan 'yan mintuna koren ya rufta ƙasa, ya bar fili fetal. Alhaji ya dubi agogo, ya dubi ƙofa. Ya ce wa injiniya bai damu da yadda za a yi ba, saƙo ya riƙa shigowa, kuma baƙo ya dawo ya tarar da abin a cike.

Injiniya ya ce wannan ai ba wuya. Kwamfutar ba ta san girman layin da kanta ba, shi ne ya rubuta mata. In ya gaya mata layin ɗan ƙarami ne, jan layin zai sauko, ɗan abin da ke wucewa ya cika shi.

Alhaji ya ce, "Dakata. Dama kai kake gaya mata kujera nawa ne a motar?"

"Ni ne."

"Ka zuba min ido na sayi babban layi?"

"Na rubuta maka, Alhaji. Ka ce hassada ne."

Alhaji ya ce ba a tambaye shi tarihi ba. Injiniya ya canza lamba ɗaya, ya goge zanen safiyar, ya sa sakatariya ta yi ta aika gaisuwar Sallah ga duk wanda muka taɓa sayar wa riɗi. Da dattijon ya dawo yana sakace, ga kore ya tashi, ga takardu a kan tebur. Ya sa hannu a yarjejeniya da mu a ranar.

Da yamma kowa ya watse, saura ni da Alhaji. Yanzu ba a buƙatar kamasho, ni ma na san haka. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Ranka ya daɗe, in haɗa kayan?"

Ya dube ni, yana juya carbi. Ya ce, "In ka koma Kano, ina za ka riƙa zama?"

Na ce ina nake da shi ban da tasha.

"Kuma in ka zauna a tasha, shiru za ka yi?"

Shi ma ya san amsar. Labarin Alhaji huɗu a kan waya ba irin wanda mutum ke iya riƙewa a ciki ba ne. Kafin sati ya zagayo, 'yan acaba ma sun san shi.

Ya ce, "Bakinka ya fi min sauƙi a nan, inda ba mai jin Hausa. Gobe ka kawo fasfonka a sabunta takardar." Ya miƙe, har ya kai matakala ya waiwayo ya ce, "Kuma a tasharmu, in fasinjan gaske ya zo, na ƙarya sauka yake. Ka tsufa."

Haka na zauna a London. Ban zauna don na iya aiki ba, na zauna don na san abin da bai kamata in sani ba. Injiniya kuwa, wanda shi kaɗai ne ya faɗi gaskiya tun daga farko, wata bai cika ba aka ce ya huta. Alhaji ya ce abin da kullum yake nuna a cike, me za a biya mutum ya zo yana dubawa? Na raka shi har bakin tube ina ba shi haƙuri. Ya ce kar in damu, wani kamfani a City, unguwar manyan bankuna, ya daɗe yana nemansa. Na rufe bakina har Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa, aka sayar da ofishin.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma na biya shi da zufa. Na'urar nan ba ta taɓa yi mana ƙarya ba. Abin da ya wuce ta ƙirga, da girman da aka gaya mata ta auna. Mu ne muka yi ƙaryar, kuma Alhaji ne ya yi odar ta ba tare da ya sani ba. Duk maigidan da ya daina duba aiki ya koma duba ma'auni, ma'aunin za a riƙa yi wa aiki, shi kuma a bar shi da takarda mai kyau. In kai ne a ƙasa, za ka yi, don kana da ciki. In kai ne a sama kuma aka kawo maka lissafi ya cika ba ko gibi, kar ka yi saurin murna. Tashi ka leƙa ka ga wa ke ciki.